A kan sitocin amare da ake ginawa babu taga

Waɗanda suka ga hoton da na saka a intanet jiya da yamma, na waken da ƙwari suka lalata a siton 'yar yayata amarya, sun riga sun san abin da ya ɓata mini rai. Duk wanda ya zana gida ya ware ɗan lungu mai bango huɗu, babu taga, babu ko kafar da iska za ta ratsa, sannan ya kira shi sito, ya cuci matar da za ta zauna a gidan. Mu kuma da muka je jere muka cika wurin da kwalabe masu sheƙi ba tare da mun tambayi ta ina iska za ta shiga ba, muna da namu kason laifin. Ina cikin waɗanda suka yi jeren gidan 'yar yayata, da hannuna na goge kantocin nan, kuma da hannun nan jiya na taya ta kwashe rabin buhun wake da ƙwari suka huda suka mayar gari, da masarar da funfuna ta rufe ta ƙasa, duk daga cikin garar da iyayenta suka yi wahalar haɗawa wata biyar da suka wuce.

Aikin sito shi ne ya ajiye abinci a bushe, cikin iska, nesa da ƙasa da zafi. Idan ya kasa wannan, to launin robobi da rubutun da aka manna a jikin kwalabe ba su amfana wa kowa komai ba. Kakanninmu da suka gina rumbu sun san haka ba tare da wani ya zana musu takarda ba, shi ya sa suke ɗora shi a kan duwatsu don kada danshin ƙasa da gara su kai ga hatsi, su kuma kifa masa jinka don ruwan sama da rana. Mu da muke da siminti da tayil sai muka ajiye buhu a kan daɓe, muka jingina shi da bangon da bayansa banɗaki ne, muka rufe ƙofa, alhali a watan Agusta ko tufafin da ke cikin akwati sai sun yi warin danshi.

Wata ta rubuto mini cewa ai ido ma yana cin abinci, kuma amarya tana da haƙƙin ta ga ɗakinta ya yi kyau. Ban musa ba, kuma ni ma ina son sito mai tsari. Amma kyan sito yana zuwa ne bayan iska da bushewa, kuma idan aka fara da su, kyan yana biyo baya da kansa. Kanta wadda faɗinta bai wuce santimita 30 zuwa 40 ba ta fi mai zurfi kyau da amfani, domin komai yana fili, babu gwangwanin da zai ɓuya a baya ya shekara har lokacinsa ya wuce. Abin da ake amfani da shi kullum, gishiri da kayan ƙamshi da kuka da kuɓewa busasshiya, ya zauna daidai ido. Buhuna da jarkoki masu nauyi su zauna ƙasa, amma a kan katako da ya ɗaga su aƙalla taƙi ɗaya, tare da ɗan rata tsakaninsu da bango. Man gyada da manja suna lalacewa da haske da zafi, don haka a nisanta su daga taga da bangon da murhu yake jingine da shi. Albasa tana son kwando mai ramuka, kuma ba a haɗa ta da dankalin turawa wuri ɗaya, domin suna saurin lalata juna. Daddawa kuwa ta shiga kwalba mai murfi sosai, in ba haka ba har sukari sai ya ɗauki warinta. Sabon da aka sayo ya koma baya, tsoho ya dawo gaba. Wannan shi ne tsarin, kuma babu abin da ya fi shi daɗin kallo.

Masu cewa gidan haya ne, ba su da ikon fasa bango, su ma ban karɓi uzurinsu gaba ɗaya ba. Kafinta yana iya yanke saman ƙofar sito da ƙasanta ya sa raga, iska ta riƙa shiga ta ƙasa tana fita ta sama, ɓera da kyankyaso kuma su rasa hanya, kuma kuɗin aikin bai kai na saitin kwalaben da ake sayowa don jere ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shawarar da wasu suka bayar a ƙarƙashin hoton, wai da an zuba wa waken magani da bai lalace ba. Don Allah a daina faɗin wannan. Saboda ragowar maganin ƙwari irin wanda ke cikin Sniper ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan zuba shi a abinci. Abin da wasu ƙasashe suka ƙi karɓa a tashar jirgin ruwa, bai kamata mu dafa wa 'ya'yanmu shi ba. Ƙwaron wake yakan biyo shi tun daga gona, yana saka ƙwai a jikin ƙwayar, kuma a cikin zafi irin namu ƙasa da wata guda ya ishe shi ya ƙyanƙyashe ya girma ya sake haihuwa, shi ya sa buhun da yake tas a kasuwar Dawanau yake iya zama gari kafin a cinye rabinsa. Maganinsa shi ne a hana shi numfashi. Buhun PICS, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku, ana ɗaure kowace daban, iskar ciki ta ƙare, ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Jarka mai tsabta, busasshiya, da aka cika maƙil aka toshe bakinta da kyau, ita ma tana yin wannan aikin. Ɗakin yana bukatar iska, amma ƙwayar hatsin a toshe take so, kuma rashin rarrabe waɗannan biyun ne yake jawo asarar.

Sharaɗin toshewar kuwa shi ne hatsin ya bushe sarai. A zuba ɗan busasshen gishiri da hatsin a kwalbar gilashi mara danshi, a girgiza, a jira kaɗan. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, to a mayar da hatsin rana. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin funfunar da ke kama masara da gyada tana iya haifar da gubar afilatoksin, wadda girki ba ya kashe ta, kuma likitoci sun tabbatar da alaƙarta da ciwon dajin hanta. Masarar da muka zubar jiya, 'yar yayata ta so ta wanke ta shanya don kada a ce ta yi almubazzaranci, sai da na riƙe hannunta na ce, 'yata, wannan ba ta ciyuwa.

Tun da maganar ta kawo mu kan gara, ina roƙon iyayen amare su sake duba yawan abin da ake kaiwa lokaci guda. Gida ne na mutum biyu, amma a sauke musu buhunan da gidan mutum goma zai yi watanni yana ci, saboda dangin miji su gani su yaba. Yayata ta sayar da akuyoyinta biyu kafin ta cika garar nan. Da an kai rabi, an ajiye kuɗin rabin an sayo musu sabo bayan kaka, da jiya ba mu tsaya a bakin sito muna tunanin yadda za mu faɗa mata ba.