Makon da ke tsakanin kashi da kashi

Tun da aiki ya kawo ni ƙasar da nake zaune yanzu, na kalli shirye-shirye masu dogon zango ta hanyoyi biyu, kuma na daɗe ina auna su a raina. Hanya ta farko a nan na koye ta. A daren Juma'a, musamman lokacin hunturu da rana ke faɗuwa tun kafin a tashi daga aiki, sai in buɗe manhajar kallo, in kama kashi na ɗaya, in yi ta bin su a jere har in ga ƙarshen zangon, wani lokaci gab da asuba. Hanya ta biyu kuwa ƙanwata ce ta ɗora mini ita, domin akwai wani shirin Hausa da ake sakin kashi ɗaya nasa a YouTube kowane mako, wanda ta dage cewa sai mun riƙa binsa tare, duk da teku da bambancin sa'o'i da suka raba mu.

Abin da ya sa na fara wannan tunani ƙaramin abu ne. Wani abokin aikina ya tambaye ni game da wani shiri da na taɓa yaba masa, wanda na cinye kashi goma nasa cikin kwana biyu, sai na rasa sunan jarumin, na kuma kasa faɗin yadda labarin ya ƙare. Alhali shirin da nake bi tare da ƙanwata, wanda bai kai wancan kuɗin shiryawa ko kyan hoto ba, ina iya zayyano abin da ya faru a kashi na huɗu, har da wanda ya ci musu tsakanina da ita a kansa.

Wannan kallo na tashi guda bai tsufa ba. Gaskiya ne cewa tun zamanin faifan bidiyo akwai masu sayen zango sukutum su zauna a kansa, amma ranar da aka fi ambata ita ce 1 ga Fabrairu, 2013, lokacin da kamfanin Netflix ya saki dukkan kashi 13 na zangon farko na House of Cards a rana ɗaya. Kafin shekara uku ta cika, ɗabi'ar ta bazu har ƙamus ɗin Collins ya zaɓi kalmar Turanci da ake kiranta da ita, wato "binge-watch", a matsayin kalmar shekarar 2015. Ita kanta manhajar an ƙera ta ne domin kada mai kallo ya samu wurin tsayawa. Kashi yana ƙarewa, na gaba yana ƙirga daƙiƙu kaɗan sannan ya fara da kansa, kuma a 2017 aka ƙara maɓallin tsallake waƙar buɗe shiri. A da, ci gaba da kallo ne yake buƙatar mutum ya motsa hannunsa; yanzu tsayawa ce take buƙatar haka, kuma wanda ya gaji da ƙarfe ɗaya na dare bai cika samun wannan ƙarfin hali ba. A waccan shekarar ta 2017 ne Reed Hastings, shugaban Netflix a lokacin, ya faɗa a fili cewa barci yana cikin abokan hamayyarsu. Na yaba da gaskiyarsa, ko da yake barcin nawa yake nufi.

Ba zan zalunci wannan hanya ba, domin tana da amfaninta. Wanda yake aikin dare a wannan mako, na rana a mako mai zuwa, ba shi da wata ranar da zai ware wa shiri, don haka sakin zango gaba ɗaya ya ba shi 'yancin da gidajen talabijin na da ba su ba shi ba. Akwai kuma labaran da suke da rassa da yawa da sunaye barkatai, waɗanda idan aka bar kwana bakwai tsakanin kashi da kashi sai zaren ya kuɓuce. Ni kaina, lokacin da nake ƙoƙarin saba kunnena da harshen mutanen nan, sa'o'in da na shafe ina jin muryoyi iri ɗaya a jere sun taimake ni fiye da wasu darussan aji. Kuma a shekarata ta farko, lokacin da ban san kowa ba, waɗannan dogayen darare na kallo sun rage mini kaɗaici. Sai dai daga baya na gane cewa rage kaɗaicin nasu na ɗan lokaci ne, domin idan na kashe allon da asuba babu wanda zan juya in ce wa, ka ga abin da mutumin nan ya yi?

A ganina, tazarar da ake bari tsakanin kashi da kashi wani ɓangare ne na labarin, kuma masu ba da labari sun san haka tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Duk wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya ya san cewa abin da ya tsirar da ran mai ba da labarin shi ne iya yanke zance a daidai inda ya fi daɗi idan gari ya waye, ta bar sarki ya wuni yana saƙe-saƙe. Da ta zazzage masa labarin duka a dare ɗaya, da littafin bai wuce shafi talatin ba. Talabijin ya gaji wannan dabara. A ranar 21 ga Maris, 1980, shirin Dallas na Amurka ya rufe zangonsa da harbin babban mugun labarin, ba tare da an nuna wanda ya yi harbin ba. Ba a warware ƙullin ba sai ranar 21 ga Nuwamba, bayan wata takwas cur, domin yajin aikin 'yan wasa ya ƙara tsawaita jiran. A daren da aka bayyana amsar, fiye da mutum miliyan 80 ne suka kalla a Amurka kaɗai. Abin da ya tara wannan jama'a shi ne watanni takwas da aka shafe ana hasashe, ana musu, ana zargin wannan da wancan. Yau marubuci yana iya ƙulla irin wannan ƙulli da dukkan basirarsa, amma rayuwar ƙullin ba ta wuce daƙiƙun da manhaja take ƙirgawa ba.

A cikin kwanakin jira ne mai kallo yake yin nasa aikin. Yana maimaita abin da ya gani yayin da yake tafiya ko yake wanke kwanuka, yana gwada amsoshi, yana sauya ra'ayinsa game da wani ɗan wasa tsakanin Litinin da Alhamis. Wannan maimaitawa ce take dasa labarin a ƙwaƙwalwa. Masana halayyar ɗan Adam sun san wannan tun aikin Hermann Ebbinghaus na 1885, wanda ya nuna cewa abin da aka koya da tazara ya fi zama fiye da wanda aka cusa a zama ɗaya, kuma duk ɗalibin da ya taɓa kwana yana karatu a daren jarrabawa ya san yadda irin wannan ilimi yake gushewa. A 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Melbourne ta Ostareliya suka gwada wannan a kan kallo. Sun raba ɗalibai 51 gida uku, suka ba su shiri mai kashi shida: wasu suka kalle shi a zama ɗaya, wasu kashi ɗaya a kullum, wasu kashi ɗaya a mako. Bayan sa'o'i 24 masu zama ɗaya ne suka fi tuna abin da suka gani, amma da aka sake gwada su bayan kwana 140, sai masu kallon mako-mako suka shige gaba, kuma masu zama ɗaya ne suka ce ba su ji daɗin shirin sosai ba idan aka kwatanta da sauran. Mutum 51 ba su isa a yanke wa duniya hukunci da su ba, amma sakamakon ya yi daidai da abin da ya same ni a gaban abokin aikina.

Da na ga haka, sai na ce bari in yi wa kaina doka. Na zaɓi wani shiri da aka riga aka saki zangonsa duka, na yanke cewa kashi ɗaya zan riƙa kalla kowace Asabar. Na yi mako uku ina bin dokar, a na huɗu na karya ta, kuma ba ci da zuci kaɗai ya jawo haka ba. Jiran ne na ga ba shi da armashi. Duk wanda na sani da ya damu da shirin ya riga ya gama shi, don haka ba ni da abokin hasashe, kuma kowace shiga shafukan sada zumunta tana iya tona mini ƙarshen labarin. A nan ne na fahimci cewa abin da nake so a kallon mako-mako shi ne jira tare da jama'a, a lokacin da babu wanda ya san abin da zai faru, daga mai wayo har marar wayo.

Wannan daidaito ne kallon tashi guda ya rusa. Idan aka saki zango gaba ɗaya, mutum biyar da suke kallon shiri ɗaya suna wurare biyar daban-daban a cikinsa, kuma hirarsu takan fara da tambayar ina ka kai, ta ƙare da gargaɗin kada ka faɗa mini. Wanda ya gama yana haɗiye maganarsa, wanda bai gama ba yana toshe kunnensa, kafin su haɗu a wuri ɗaya kuwa zumuɗin na farkon ya riga ya huce. Na ga akasin wannan a 2019, lokacin da tashar HBO take nuna zangon ƙarshe na Game of Thrones kowane daren Lahadi. Ni ban bi shirin ba, amma kowace safiyar Litinin sai in tarar da mutanen da ba sa ko gaisawa sosai a ofis sun yi cirko-cirko suna gardama, har waɗanda ƙarshen labarin ya ɓata wa rai suna jin daɗin ɓacin ran tare.

Kamfanonin ma sun lura. Lokacin da dandalin kallo na Disney+ ya fara aiki a Nuwamban 2019, mako-mako ya riƙa sakin The Mandalorian, kuma a 2022 shi kansa Netflix ya raba zango na huɗu na Stranger Things gida biyu, kashi bakwai a ƙarshen Mayu, sauran biyun a farkon Yuli. Kada dai a ɗauka cewa tausayin ƙwaƙwalwarmu ne ya kama su, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda zai iya gama zango a kwana biyu yana iya biyan kuɗin wata ɗaya ya soke rajistarsa, amma shiri mai kashi goma da ake saki mako-mako yana riƙe shi fiye da wata biyu, kuma kowane mako ana yi wa shirin talla kyauta a bakin masu gardama. Tsarin mako-mako yana da nasa aibin kuma. Mai shirin da ya ga jama'a sun kamu yana iya jan labarin da ya kamata ya ƙare a kashi ashirin har ya kai sittin, ya cika minti arba'in da gaishe-gaishe da dogayen tafiye-tafiye a mota, sannan ya ajiye abu ɗaya mai muhimmanci a minti na ƙarshe. Shirin da nake bi tare da ƙanwata bai tsira daga wannan ba, kuma akwai makonnin da na ji an sace mini sa'a guda.

Duk da haka ban daina ba, kuma dalilin yana da alaƙa da zaman nesa. Wanda ya daɗe a waje ya san yadda kiran waya zuwa gida yake komawa. Ana gaisawa, a tambayi lafiyar kowa da kowa, a ba da labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu, sannan shiru ya biyo baya, domin rayuwar yau da kullum ta rabu, abin da ya dame ni a wannan mako ba ta san shi ba, mutanen da take ambata kuma rabinsu ban taɓa ganinsu ba. Shirin nan ya ba mu abu ɗaya da yake faruwa da mu duka biyu a lokaci guda. Ba na zuwa mata a matsayin baƙon da ake ba labarin abin da ya wuce, domin jahilcina game da kashi na gaba daidai yake da nata.

Saboda bambancin sa'o'i, kullum ita take riga ni gani, tunda lokacin da ake sakin kashin ina wurin aiki. Mun yi yarjejeniya cewa ba za ta ce komai ba sai na aiko mata da saƙo cewa na gama, kuma tana cika alkawarin gwargwadon iyawarta, wanda ba shi da yawa. A makon jiya, tun ina cikin jirgin ƙasa a hanyar komawa gida, saƙonta ya shigo: "Yaya, ba zan faɗa maka komai ba, amma ka tuna abin da na ce game da matar nan tun kashi na shida." Na kalli kashin da daddare, na ga ta yi gaskiya, na kira ta, muka shafe kusan minti hamsin muna musu a kan ko mijin ya sani tun farko. Ita ta ce ya sani, ni na ce bai sani ba, kuma sai ranar Juma'a mai zuwa za a raba mana gardamar.