Wanda ya je Argungu bai shiga Gidan Kanta ba, kifi kawai ya gani

Jama'a, ni Bakatsine ne, kun san tsakaninmu da Kabawa sai tsokana. Amma yau na ajiye wasa.

Duk lokacin bikin kamun kifi, hotuna iri ɗaya ke cika Facebook: dubban masunta sun ruga cikin kogin Matan Fada da homa da gora, wani ya fito rungume da giwan ruwa, an ɗora a sikeli. Ana gama rabon kyaututtuka kowa ya kama hanyar gida. Ka tambayi mutum goma ko sun leƙa gidan tarihi na Kanta, da wuya ka samu biyu. Alhali yana nan cikin gari.

Gidan nan tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce. A ciki suka zauna har 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan a 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi. Tun kafin 'yancin kai ke nan. A nan ma ake binne sarakunansu, don haka in ka shiga ka rage murya.

Abin da ya tsaya mini a rai kayan yaƙi ne: masu, takubba, kwari da baka, tambura, layu. A makaranta daga ɓangaren Sakkwato kawai aka ba mu labarin jihadi. An ce Birnin Kabi ya faɗi a 1805, shi ke nan, malam ya juya shafi. Ba wanda ya gaya mana cewa Kabawa sun sake kafuwa a Argungu, sarkinsu Yakubu Nabame ya ɗaga takobi a 1849, aka yi ta gwabzawa har zuwan Turawa ba su miƙa wuya ba. Jikokin Kanta ne fa, mutumin da ya gina Surame da ganuwar dutse, ya ƙi bin daular Songhai.

Sai ka ga waɗannan makamai za ka gane nauyin abin da ya faru a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafa Argungu aka tarbe shi da bikin kamun kifi. Bikin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, asalinsa sulhu ne tsakanin mutanen da kakanninsu suka zubar da jinin juna.

Ƙorafina kan malaman makarantu ne da mu iyaye. Muna iya tara kuɗin mota mu kai yara kallon kifi, amma sa'a ɗaya a Gidan Kanta ta gagare mu. Ni dai na kai nawa. Ƙaramin ya tsaya gaban wani tambari ya ƙi motsi, wai sai an buga masa ya ji.