Kada a jingine kwamfuta mai lafiya saboda Windows 10

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, shawara ɗaya nake ji a bakin masu sayar da kwamfuta: a sayi sabuwa. Wannan magana tana ɓata mini rai. Na'ura tana aiki garau, sai a ce ta tsufa don ba ta da TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, ko don injinta na Intel bai kai zubi na takwas ba, saboda haka Windows 11 ba zai hau kanta ba. Da yawa daga cikin HP da Dell 'yan tokumbo da ɗalibanmu da masu shagunan buga takardu ke lallaɓawa a wannan sahu suke. Da wane kuɗi za su sauya, a wannan tsadar dala?

Masu cewa a bar ta haka tunda tana tashi sun fi tayar mini da hankali. Sun manta da WannaCry, muguwar manhajar da ta kulle kwamfutoci tana neman kuɗin fansa, a watan Mayun 2017, lokacin da asibitoci da dama a Ingila suka tsaya cik, alhali Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris, ba a dai saka ba. Yanzu kuwa maganin ma ba zai zo ba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma na masu kwamfutar gida a Oktoban 2026 yake ƙarewa. Masu cusa Windows 11 ta bayan gida kuma, kamfanin da kansa ya ce bai yi musu alkawarin komai ba.

Ni dai ina ganin a koma Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows. Kyauta ne, zubi na 22 yana da kulawar tsaro har 2029, kuma wanda ya saba da Windows ba zai ɓata a cikinsa ba. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar raba kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 da kayan Microsoft, ta rungumi Linux da LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta. Gwamnati mai kuɗi ke nan, balle mu.

Za a ce manhajojin zane CorelDraw da Photoshop ba sa hawa kan Linux. Gaskiya ne, mai zanen kati da fasta ya ware na'ura ɗaya dominsu. Amma mutum nawa ne aikinsu ya wuce rubutu, lissafi da shiga intanet? Abin da ake kira wahalar Linux, rashin mai nunawa ne, domin masu gyaranmu Windows kaɗai suka iya ɗorawa, galibi ma na sata. Su ya kamata a fara koya wa, a kasuwa da kwalejojin kimiyya da fasaha.