Galahanga ba shafar aljanu ba ce

Yana damuna yadda mutane da dama a Zariya suke ɗaukar galahanga, wato lalurar da ake kira autism da Turanci, a matsayin shafar aljanu, ko da yake ban ga laifin iyaye ba, domin ɗanka ya shekara 3 bai yi magana ba abin tashin hankali ne. A gaskiya, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun yaro yana ciki, kuma gado yana da tasiri sosai. Akwai yaro a unguwarmu, Tudun Wada, da ke toshe kunnuwa da zarar an tayar da injin niƙa, saboda ƙarar tana damunsa fiye da yadda take damunmu. Wannan bayanin muke ta taimakon juna wajen rubutawa, mu marubuta, musamman gabanin 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa lamarin tun 2007.