Kuɗinmu ake karɓa, cututtukanmu ake karantarwa, amma ba mai sauraronmu

Tura ta kai bango, jama'a. Ina karatun digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma na duniya a wata jami'a a Ingila, kuma abin da ake yi mana mu ɗaliban da muka zo daga Afirka da Asiya ya wuce a haɗiye shi a yi shiru. Ba zan kama sunan makarantar ba. Ƙannena da ke turo mini saƙo kullum suna tambayar yadda za su samu gurbi, ku karanta wannan tukuna.

Tun kafin ka taka ƙasar an gama da aljihunka. Kuɗin biza fam 490 ne lokacin da na nema a 2024. Ga kuɗin kula da lafiya da ake haɗawa da biza, wanda a watan Fabrairun shekarar aka ɗaga wa ɗalibai daga fam 470 zuwa 776 a shekara. Kwas ɗin shekara ɗaya ne, amma shekara ɗaya da rabi za a lissafa maka, wato fam 1,164, kuma a dunƙule za ka biya. Gwajin tarin fuka sai ka yi tattaki zuwa Abuja ko Legas. Kuɗin makaranta kuwa, abin da nake biya ya kusa ninka na ɗan ƙasa da muke zaune a kujera ɗaya, muna sauraron malami ɗaya. Duk wannan ya faɗo ne a daidai lokacin da naira ta zube. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji, dalar da take wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayar da fili ko ya yi shekaru yana adashi sai ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai rabin abin da ake nema ba.

Makaranta ta san da haka sarai. Amma ka makara da biyan kashi ɗaya, ba kira, ba tambayar lafiya, sai dai ka buɗe kwamfuta ka tarar an toshe maka shafin karatu da ɗakin karatu na intanet, ga wasiƙa tana tuna maka cewa za a iya kai sunanka ma'aikatar harkokin cikin gida a soke bizarka. Ba barazanar baki ba ce. A watan Mayun 2024 BBC ta ba da labarin ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu kan bashin kuɗin makaranta, har aka umarci wasu su bar ƙasar. Ba makarantarmu ba ce, amma duk ɗan Najeriya da ke ajinmu da wannan fargaba yake kwana. An mayar da mu saniyar tatsa, wallahi.

To, ka biya ɗin, me aka ba ka? Ni abin da ya kawo ni ƙididdiga ce da ilimin bin diddigin annoba. Na yi shekaru ina aiki a ƙaramin asibiti, ina cika fom ina turawa sama ban san me ake yi da alƙaluman ba, na ce bari in zo in koyi sarrafa su da hannuna. Sai na tarar da aji cike maƙil, darasin Stata, manhajar sarrafa alƙaluma, an ɗauke shi a bidiyo tun shekarun baya an ce kowa ya kalla a ɗakinsa, wanda ake turowa ya taimaka mana kuma ɗalibin digiri na uku ne da shi ma aikinsa ya sha masa kai. Malamar da aka ba ni ta duba kundin bincikena tana da ɗalibai fiye da ƙima. Ka tura mata babi, sai ka ƙosa da jira, amsar ta zo layi biyu. Ban ga laifinta sosai ba. Laifin na waɗanda suka ɗebi ɗalibai ne don kuɗi, ba su ƙara malamai ba.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai yana cikin ajin kansa. Kusan kowane mako sai an hasko arewacin Najeriya a allo. Zazzaɓin cizon sauro, mu ne: wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Najeriya ne. Mutuwar mata wajen haihuwa, mu ne. Gubar dalma da ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, mu ne. Mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022, mu ne. Ban ƙi a karantar da su ba, gaskiya ce, kuma ita ta sa na zaɓi fannin. Yadda ake karantarwar ne ba zan lamunta ba.

Ranar da aka zo kan ƙauracewa rigakafin shan inna da aka yi a Kano da wasu jihohin arewa a 2003, malamin ya taƙaita shi a jita-jita da malaman addini da rashin ilimin iyaye. Ko sau ɗaya bai ambaci 1996 ba. A shekarar, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani bincike da ya shafi yara 200. Sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da kurumta da shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo, iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Shari'a ta yi ta ja har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara bakwai kacal tsakanin wannan da ƙauracewar. Ta yaya za ka bayyana tsoron uwa a Fagge ko Kurna ka tsallake wannan? Ƙauracewar ta yi ɓarna, yara sun shanye, cutar ta tsallaka ƙasashe, ba na kare ta. Amma haka nan ba a faɗi yadda aka warware ba: Kano ta dawo da rigakafi a 2004 bayan an kawo maganin daga Indunusiya, sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shiga gaba, mata masu ɗiga wa yara magani suka bi gida gida cikin rana, har aka harbe wasunsu a Kano a 2013. Da guminsu da jininsu aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali. Na ɗaga hannu na faɗi wannan. Aka ce an gode, lokaci ya ƙure, aka wuce. A jarrabawa kuwa, abin da ke cikin takardun da aka ba mu shi ke da maki.

Da lokacin bincike ya zo na ce zan koma gida in tattauna da unguwar zoma da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan dalilin da ke sa mata haihuwa a gida. Aka ce ba zai yiwu ba. Gwamnatin Birtaniya ta sa yawancin jihohin arewa cikin wuraren da take gargaɗin zuwa, don haka inshorar makaranta ba za ta ɗauke ni ba. Garin da aka haife ni, inda matata da 'ya'yana suke kwana yau! Na ce to in yi ta waya. Aka ce sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, shi kuma kafin ya zauna rabin watanni ukun da aka ware ya tafi. Ƙarshenta dai ina zaune ina tattara abin da wasu suka rubuta game da mutanena, aikin da zan iya yi daga ɗakina a gida da data ta dubu biyar. Me ya hana a faɗa mana haka tun ranar da ake tallata kwas ɗin da hotunan ɗalibai a ƙauyuka?

Iyalin ma dole ce ta sa na bar su. Daga 1 ga Janairun 2024 an hana masu irin digirinmu zuwa da mata ko miji ko yara. Aiki kuma awa 20 a mako doka ta yarda. Yawancinmu gidajen kula da tsofaffi muke kwana, ma'aikatan jinya da likitoci da masu harhaɗa magani, mu fito da asuba mu zarce aji ido jawur. Da muka roƙi a daina sauya jadawalin darasi ba sanarwa saboda masu aikin dare, amsar da muka samu ita ce karatu na cikakken lokaci muka yi rajista.

Sannan aikin da ake kwaɗaita mana da shi yana ƙafewa a gabanmu. A watan Janairun 2025 Trump ya sa hannu kan ficewar Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya, aka fara rushe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, wata guda bayan haka Birtaniya ta ce za ta rage tallafin da take bayarwa daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigarta. Abokan aikina a gida an sallami da dama. Ofishin ba da shawara kan aiki na makarantarmu har yanzu cewa yake mu nemi horon sanin makamar aiki a Janeba, inda hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya take. Da wace biza, da wane kuɗin haya? Ko zama ɗaya ba a kira an yi da mu kan wannan girgizar ba, alhali ita ce babban labarin fannin da muke karantawa.

Mun haɗu mu 'yan Najeriya da 'yan Gana da 'yan Pakistan mun shigar da ƙorafi a rubuce. Muna neman a ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai duba, a daina toshe shafin karatu ga wanda ya riga ya yi yarjejeniyar biya kashi kashi, a fara karɓar takardun izinin bincike tun zangon farko, a kuma gyara darasin shan inna. Idan makaranta ta yi biris, akwai ofishi mai zaman kansa da ke sauraron koken ɗaliban jami'o'in Ingila da Wales, amma ba ya karɓar ƙara sai an gama bin matakan cikin gida an ba ka takardar shaida. Takardar muke jira, kuma kowannenmu ya adana kwafin duk imel ɗin da ya tura da ranar da aka amsa.