Duwatsun Skotland ba su kai namu tsawo ba, amma a can kowa na iya hawa

A Skotland, idan Asabar ta zo, jama'a da yawa kan ɗaura takalman da ruwa ba ya ratsawa, su rataya jaka a baya, su kama hanyar tsaunuka tun da sassafe. 'Yan uwanmu mazauna Skotland sukan ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne ya rasa abin yi. Ni kuwa ina ganin doka da kwanciyar hankali ne suka raba mu da su a wannan fanni.

In don tsawo ne, babu abin da za su nuna mana. Ben Nevis, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya, mita 1,345 ne, alhali duwatsun Shere da ke gefen Jos sun haura mita 1,800, Chappal Waddi na jihar Taraba kuma ya kai mita 2,419. Magangarar ruwan Grey Mare's Tail da ke kusa da Moffat, wadda ke zubowa mita 60 daga tafkin Skeen, tana da ban sha'awa, amma wanda ya ga Gurara ko Matsirga ta Kafanchan a tsakiyar damina ba zai riƙe baki ba.

Dokar da majalisar Skotland ta zartar a 2003 ta bai wa kowa haƙƙin ratsa fili, da hawan dutse, da kafa tanti, ko da ƙasar mallakar wani attajiri ce, muddin bai tattake shuka ba, bai kutsa harabar gidan mutane ba, bai kuma saki karensa cikin tumaki ba. Har madatsun ruwan sha ma ba a killace su ba. Tafkin Katrine ne ke shayar da birnin Glasgow tun 1859, bayan kwalara ta yi ta kashe mutane a birnin, kuma ruwan yana gangarowa da kansa tafiyar kusan kilomita 42 ba tare da injin turawa ba. Duk da haka yara na tuƙa keke a bakinsa, dattawa kuma na hawa ɗan dutsen Ben A'an mai mita 454 domin su hango shi daga sama. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce ke ciyar da noman rani a Kura da Kadawa, sai dai Kanawa nawa ne cikin masu cin shinkafar da tumatirin suka taɓa zuwa don kawai su zaga bakin ruwan?

Haɗarin da ke kan dutse a Skotland na yanayi ne, wato hazo da sanyi da iska, kuma akwai ƙungiyoyin 'yan sa kai da ke fita ceto cikin dare ba tare da albashi ba. A gida kuwa mutum ake tsoro, domin babu uban da zai bar 'ya'yansa su shiga daji yawon buɗe ido a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa.

Sai dai akwai abin da ba na yi wa Skotland sha'awarsa. Kwaruruwan nan da baƙi ke yabon shirunsu ba haka Allah ya halicce su babu kowa ba. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 masu ƙasa suka kori talakawa domin su zuba tumaki, har yau kuma mai tafiya yana cin karo da kufan gidajensu na dutse. Duwatsunmu da mutanensu: akwai gonakin acca da dankali, da rugagen Fulani, da wuraren da al'ummomin Filato ke girmamawa tun kaka da kakanni. Saboda haka hanyar hawa a Shere ko Kufena ta Zariya sai an fara shata ta da dagaci da manoman wurin, samarin ƙauyen su zama 'yan jagora, kuɗin shiga kuma ya tsaya a hannunsu.