Kwal a cikin batir: toka da zafin tanderu ne ke yanke hukunci

Masu cewa batir zai ceto ma'adinan kwal sun ɗan yi gaggawa. Gaskiya ne ana samun kabon na batir daga kwal, amma ba kowane kwal ke bayarwa ba, kuma tsadar aikin tana wajen tacewa da gasawa.

Ɓangaren batirin litiyam da ake kira anod, girafayit ne, wato nau'in kabon da ke jere shimfiɗa-shimfiɗa. Na masana'anta ba daga ɗanyen kwal yake fitowa kai tsaye ba. Idan aka gasa kwal a tanderun kamfanonin ƙarfe a zafin digiri 1,000 zuwa 1,100 na ma'aunin Celsius, yana fitar da kwalta kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinsa. Daga ita ake tace ƙaro mai kauri, a cire ƙwayoyin da ba sa narkewa, domin su ne ke hana kabon jeruwa. Sai a dafa shi a wajen digiri 500 har ya daskare da zane kamar allurai, a ƙona a 1,300, a niƙa, sannan a kai shi 2,800 zuwa 3,000 a irin tanderun da Edward Acheson ya ƙirƙiro a shekarun 1890. Zagaye guda, da lokacin hucewa, yakan ci makonni, kuma wutar lantarki ce ke cinye kuɗin. Abin da ake nema shi ne giram guda ya riƙe kusan mAh 350 (ma'aunin yawan caji) cikin 372 da lissafi ya ƙayyade.

Sai matsalar toka, idan da ɗanyen kwal za a yi aikin. Girafayit na batir yana buƙatar tsafta ta kashi 99.95, alhali tokar kwal kan haura kashi 10. Ɗan burbushin ƙarfe da ya saura na iya huda takardar da ke raba ɓangarorin batir, ya haɗa wuta a ciki. Wanke ta na buƙatar asid mai ƙarfi irin hydrofluoric (HF), shi kuma ruwan da ya rage sai an yi masa magani.

A ganina, inda ɗanyen kwal ke da ƙofa shi ne batirin sodiyam. Tun 1951 masaniyar kimiyya Rosalind Franklin ta nuna akwai kabon da ba ya zama girafayit komai zafin da aka ba shi. Wannan "aibi" ne sodiyam ke so: ratar shimfiɗun girafayit nanomita 0.335 ce, sodiyam ba ya zama a ciki sosai, ya fi son 0.37 zuwa sama. A nan digiri 1,200 zuwa 1,400 ya isa. Antarasayit, wato kwal mai tauri, na ba da kusan mAh 220 a giram guda, ƙasa da kabon da ake yi da ɓawon kwakwa, amma kaso mafi yawa na nauyinsa na zama kabon. Kwal mai narkewa kuwa sai an fara ɗumama shi cikin iska a digiri 200 zuwa 300, in ba haka ba ya narke, shimfiɗunsa su jeru, ramukan da sodiyam zai zauna su toshe. Idan iskar ta yi yawa kuma, cajin farko ya salwantar da sodiyam mai yawa.

A duba girman kasuwar ma. Duniya na haƙo kwal sama da tan biliyan 8 a shekara. Kayan anod ba su wuce 'yan miliyoyin tan ba. Ƙasar Sin ke yin sama da kashi 90 nasu, kuma a Disamban 2023 ta ɗaure fitar da girafayit da lasisi. Abin da ya tayar da hankalin Amurka da Turai ke nan, kuma su ma ba kwal suka rasa ba: tanderu da wuta mai araha suke nema.